Amsa: Ya dace Baturen Ingila ya goyi bayan Ailan a ƙwallo?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace masoyin ƙwallo a Ingila ya goyi bayan Jamhuriyar Ailan. Ni a ganina babu laifi ko kaɗan, in dai ba ranar da suke karawa da Ingila ba ne.

Ka tuna, wanda ya ɗaga ƙwallon Ailan Baturen Ingila ne, Jack Charlton, da ya ci Kofin Duniya da Ingila a 1966. Ya karɓi horar da Ailan a 1986, ya kai su gasar Turai ta 1988, suka doke Ingila 1-0 a Stuttgart, sannan a Kofin Duniya na 1990 suka kai zagayen kwata fainal. 'Yan wasansa da yawa a Birtaniya aka haife su. Ga kuma dubban iyalai a Liverpool da Manchester da Birmingham da kakanninsu daga Ailan suka ƙetaro. Yaya za a hana jika son ƙasar kakansa?

Sai dai kada masoyin ya yi tsammanin 'yan Ailan za su rama masa da goyon bayan Ingila. Tarihin mulkin mallakar da Ingila ta yi wa Ailan bai gushe daga zukata ba, kuma ba a manta 1995 ba, lokacin da wasu 'yan dabar Ingila suka tayar da rikici a filin Lansdowne Road da ke Dublin, babban birnin Ailan, har aka tsayar da wasan ƙasashen biyu. Ɗan wasa Declan Rice ma, bayan ya buga wa Ailan wasa 3, ya koma buga wa Ingila. Da ya ci su a Dublin a 2024, ihun ƙi 'yan kallo suka riƙa yi masa duk lokacin da ya taɓa ƙwallo.