Hukuncin nazari da gyaran allunan coci na tsohuwar Italiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina karatun adana kayan tarihi a birnin Florence na Italiya. Ana kai mu gidan tarihi na Uffizi mu nazarci allunan katako masu zanen Nana Maryam da Annabi Isa (AS), nan gaba kuma za a sa mu gyara irinsu. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, allunan nan don ibada aka yi su tun farko. Babban allon da mai zane Duccio ya zana wa birnin Siena, a shekarar 1311 aka rufe shaguna, aka ɗauke shi da jerin gwano da ƙararrawa har bagaden babban coci, wato teburin ibada da ke gaban cocin. Allunan masu zane Cimabue da Giotto da kake gani a Uffizi su ma daga coci-coci aka kwaso su. Zinaren da aka shimfiɗa a bayan hoton, da shuɗin da aka niƙa daga dutsen da ake kawowa tun daga Afganistan, duk girmamawa ce ga wanda aka zana.

Irin wannan ne Ummu Habiba da Ummu Salama suka gani a wani coci a Habasha, suka ba Manzon Allah (SAW) labari, ya yi kakkausar magana a kan masu yin sa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ibn Abbas kuma ya fassara sunayen gumakan da ke Suratu Nuh aya ta 23 da cewa na mutanen kirki ne, aka kafa musu siffofi don tunawa, da ilimi ya gushe sai aka bauta musu. Gaskiya ne malamanmu na Malikiyya sun ɗauki hoton da ba shi da inuwa, wato zane ba mutum-mutumi ba, a matsayin makaruhi kawai, sai dai sassaucin nan bai shafi abin da ake durƙusawa a gabansa ba, bai kuma buɗe ƙofar zana fuskar annabi ba.

Kallo don karatu ya halatta. Gidan tarihi ba wurin ibada ba ne, allon ya rabu da bagadensa, kai kuma abin da kake nema shi ne sanin yadda aka shafa farar ƙasa da danƙo a kan katako, da yadda aka kwaɓa launi da gwaiduwar ƙwai. Ka riƙe a ranka cewa fuskar nan ba ta Annabi Isa ba ce, hasashen mai zane ce, kuma ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, kamar yadda Suratun Nisa'i aya ta 157 ta faɗa. Idan darasin ya kai ku cikin coci, ka shiga gwargwadon buƙata, ka fita kafin a fara ibada, sallarka kuma ka yi ta a wani wuri.

Gyara shi ne ke buƙatar rarrabewa. Kashe ƙwarin katako, ɗaure allon da ya tsage, goge ƙura da auna danshi a kayan gidan tarihi, ina ganin babu laifi a kansu, domin tsare amana ce. Amma ka ɗauki buroshi ka cike ido ko leɓen annabi ko mala'ika da ya goge, wannan ka zama mai zana su, ka nemi malamanka su sauya maka aiki. Allon da za a mayar bagade a ci gaba da roƙo a gabansa kuwa, ban ga halacci a gyara shi ko cin kuɗinsa ba, saboda Suratul Ma'ida aya ta 2 ta hana taimakekeniya a kan saɓo.

Kada kuma kishin addini ya sa ka lalata ko ka wulaƙanta abin da aka damƙa maka. Da yarjejeniya ka shiga ƙasarsu, kuma Suratul An'am aya ta 108 ta hana zagin abin da wasu ke bautawa. Idan za ka zaɓi fannin ƙwarewa, akwai gyaran takardu, yadi da gine-gine, kuma tsofaffin rubuce-rubucenmu na Kano da Timbuktu suna buƙatar masu wannan ilimi.

Allah ne mafi sani.