Gwiɓar da ka gani a kwalbar Port

Ɗana, jiya bayan mun tashi daga aiki ka tambaye ni game da kwalbar giyar inabi ta Port ta shekarar 1994 da ke kwance a ma'ajiyar otal, wadda ka haska da tocila ka ga baƙar gwiɓa ta kwanta a gefenta, har ka ce ko lalacewa ta yi a mayar wa dila. Ba ta lalace ba. Na ji daɗi da ka yi tambaya kafin ka ɗauke ta, domin wannan gwiɓar ita ce shaidar cewa giyar tana nuna yadda aka so, kuma ba za ka gane haka ba sai ka san yadda ake yin ta.

Ana yin Port ne a kwarin kogin Douro da ke arewacin Fotugal, inda aka sassaƙa tuddai hawa-hawa kamar matakala aka shuka inabi, kuma tun 1756 hukuma ta shata iyakar yankin. A wajen watan Satumba ake tsinko nau'o'in inabi irin su Touriga Nacional da Touriga Franca da Tinta Roriz. Har yau wasu gidaje suna zuba su a manyan tankunan dutse marasa zurfi, ma'aikata su jeru kafaɗa da kafaɗa suna tattakawa da ƙafa, saboda ƙafa tana matse launi da ɗanɗano daga ɓawo ba tare da ta fasa ƙwayar da ke da ɗaci ba. Idan ruwan ya kwana biyu ko uku yana tsimuwa, tun sukarinsa bai ƙare ba, sai a kwara masa barasar inabi mai ƙarfin kashi 77 cikin ɗari, kimanin lita 115 a kan lita 435, abin da ke cika ganga ɗaya ta lita 550. Nan take yis, wato abin da ke tsima ruwan, ya mutu, zaƙi ya tsaya a ciki, ƙarfin giyar ya kai kusan kashi 20.

Kalmar Vintage da ke jikin takardar kwalbar ba kowace shekara ake rubuta ta ba. Manyan gidaje irin su Taylor's da Graham's da Fonseca sukan ayyana ta kamar sau uku a cikin shekara goma, sai shekarar da inabi ya yi kyau ƙwarai, kuma sai hukumar da ke kula da giyar Douro da Porto ta ɗanɗana ta amince. Shekarun 1963 da 1977 da 1994 da 2011 suna cikin waɗanda baƙi masu sani za su nema a wurinka. Irin wannan giyar kimanin shekara biyu kawai take yi a ganga, sannan a ɗura ta a kwalba ba tare da an tace ba. Ka bambanta ta da Port nau'in Tawny da ke tsaye a kan kanta, mai lamba 10 ko 20 ta shekarun tsufanta, wadda ta gama tsufanta a ganga, aka tace ta, kana iya buɗe ta yau ka ci gaba da zubawa har makonni.

Ita Vintage a cikin kwalba take girma. Tana sabuwa baƙa ce wuluk, zaƙinta kamar na ɗinya nunanna, amma da bauri mai kama harshe irin na ɗanyar kanya. Cikin shekara ashirin ko talatin, abin da ke kawo baurin da wani ɓangare na launin suna haɗuwa su yi nauyi su kwanta, abin da ya rage a sama ya yi laushi, ya koma ja mai haske, ƙamshinsa ya karkata zuwa zabibi da busasshen ɓaure da ɗan kanumfari. Na san ba ka sha, aikin ma bai tilasta maka ba. Ido da hanci sun ishe ka gane lafiyayyar kwalba.

Kwantar da ita ake yi don toshiyar ta zauna a jiƙe, kada ta bushe iska ta shiga. Babban abokin gabarta a wurinmu shi ne zafi, don haka ranar da wuta ta ɗauke, ma'ajiyar nan za ka fara dubawa, ka tabbata sanyinta yana wajen digiri 13 zuwa 15. Kwalbar da ka ga ruwa mai danƙo ya tsattsafo ta bakinta, zafi ya riga ya taɓa ta, ka sanar da ni.

Ina shekarata ta biyu a wannan aiki na ɗauko irin wannan kwalbar da sauri, na juya ta a hannu ina goge ƙura, na zuba wa wani dattijo baƙo. Ruwan ya fito gurɓatacce kamar na kududdufi. Bai ɗaga murya ba, ya dubi kofin kawai ya ture shi gefe, kuma har yau ina jin zafin abin, domin ajiyar shekara talatin na dagula cikin minti ɗaya.

Saboda haka idan aka yi odarta, ka tsayar da ita tun kwana guda kafin lokaci domin gwiɓar ta sauka gindi. Tsohuwar toshiya takan marmashe, sai ka zare ta sannu a hankali. Ka kunna kyandir a ƙarƙashin wuyan kwalbar, ka tsiyaya cikin tulun gilashi a zubi ɗaya ba tare da ka tsaya ka sake ɗagawa ba, idonka a kan wuyan, da zarar ka ga duhu ya taho ka dakata. Abin da ya saura ka tace shi daban da farin ƙyalle mai tsabta, ka kai wa kuku ya sa a miya. Ka kuma gaya wa baƙon ya shanye cikin kwana biyu, domin tsohuwar giya ba ta jure iska. Ranar Asabar an yi odar ta 1994 ɗin, kai za ka tsiyaya, ni zan riƙe maka kyandir.