Kar ka sa hannu tukuna, ɗan'uwa

Wallahi tambayarka ta fama min ciwo. Ka ce tashar za ta haska shirinka amma ita za ta mallake shi, har da maimaitawa da sayar wa wasu tashoshi, kuma wai ka ji a Amurka doka ta hana haka. Eh ta taɓa hanawa, amma ta daɗe da mutuwa.

Ni irin takardar nan na sa wa hannu. Filin da na gada na sayar na ɗauki shirin, manajan tashar ya yi ta ce min "haba Alhaji ai mun zama ɗaya", ya kawo lemo, ya nuna min inda zan sa hannu ban ko karanta shafi na uku ba. Bayan shekara ina gidan surukaina sai ga shirina a wata tasha daban, ana ta yi min murna ana cewa kuɗi sun shigo, ni ko na mota babu a aljihuna. Na kira shi ya fi sau ashirin, da ya ɗauka sai cewa ya yi "ka duba yarjejeniya". Har yau in na ji waƙar farkon shirin sai gabana ya faɗi.

Baƙin cikin ne ya sa na bi labarin Amurkan. A 1970 hukumar FCC mai kula da harkar sadarwa a can ta hana manyan tashoshin talabijin ABC da CBS da NBC riƙe kaso a shirye-shiryen da furodusoshi na waje suka yi musu, ta kuma hana su kasuwancin sayar wa wasu tashoshi shirye-shirye su maimaita, shi ya sa CBS ta saki Viacom, reshenta mai wannan kasuwancin. An kai ƙara, kotu ta tabbatar da dokar a 1971. Da hukumar ta yi mata kwaskwarima a 1991 aka koma kotun ɗaukaka ƙara ta Shikago, alƙali Richard Posner ya yi watsi da gyaran a 1992, ya ce ba su kawo hujja mai kama hankali ba. Zuwa 1995 an share ta gaba ɗaya, a shekarar ne ma Disney, kamfanin shirya fina-finai, ta sanar za ta sayi ABC.

To ka ga, kar ka jira wata hukuma. Nemi lauya ko da bashi ne. Haya za ka ba su, a rubuta shekara nawa, haskawa sau nawa, YouTube naka ne. Kuma don Allah ka ajiye asalin hard disk ɗinka mai ɗauke da shirin a gida, nawa a ofishinsu na baro, da na je karɓa maigadi ne ya tare ni a ƙofa.