Fenti zan fara ko inji?

Ɗan'uwa, ka ce ka samu tsohuwar a-kori-kura da ta shekara da shekaru a ajiye, kana so ka farfaɗo da ita a garejin gida. Ka bar maganar fenti tukuna, shi ne na ƙarshe.

Fara da shasi, wato ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar. Ɗaga motar, ka tokare ta da ƙarfen tokara, kada ka shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. Bi ko'ina da guduma kana ƙwanƙwasawa, musamman wajen maƙalar sifirin da ƙasan mazaunin direba. Inda tsatsa ta cinye, yankewa ake yi a yi walda da sabon ƙarfe, shafe ba ya magani.

Kada ka yi gaggawar tayar da inji. Tsohon fetur yakan daskare ya toshe kafireta, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska, don haka wanke tanki. Cire filogi, ɗiga mai a silinda, juya injin da hannu, sannan ka canza baƙin mai. In Ford ce ƙirar Amurka ta kafin 1956, batirinta mai bolt 6 ne, kada ka sa mata batir mai bolt 12.

Birki kuwa, sabunta robobi da mansa duka kafin ta taka titi. Kuma ɗauki hoton komai kafin ka kwance.