Da Gaske Ne Ƙoda Ta Yi Yawa a Indiya Saboda Suna Ƙona Gawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Maigidana yau shekara biyu ke nan yana wankin ƙoda, sau biyu a mako, wani makon sau ɗaya idan aljihu ya ƙi. Likitocinsa sun ce dashe ne mafita. An haɗa mu da wani ejan da ke kai marasa lafiya Indiya, ya ce kada mu wahalar da kanmu neman mai bayarwa a dangi. Wai 'yan Hindu ƙona mamatansu suke yi, ba su damu da gawa ba, don haka asibitocin can cike suke da ƙoda, kuɗi kawai za mu ajiye. Har mun sa gidanmu a kasuwa. Sai kuma wata maƙwabciyata da ta taɓa jinya a can ta ce ita ta ji addininsu ma ya hana a taɓa gawa, wai wanda aka cire wa wani abu haka zai dawo duniya babu shi. Na rasa wanda zan gaskata, kuma wa'adin da ejan ya ba mu saura mako uku. Daga wata baiwar Allah a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da haƙurin jinya. Kafin komai, Hajiya, ki janye gidan nan daga kasuwa tukuna.

Maƙwabciyarki ta fi ejan kusa da gaskiya, ko da yake ita ma ta haɗa addini da camfi. Zan fara da ita don maganarta ta fi sauƙi.

Jana'izar Hindu, wadda suke kira antyeshti, aba ce ta gaggawa kamar tamu. Yawanci ba a son gawa ta wuce kwana guda. A yi mata wanka, a naɗe ta da farin ƙyalle, a ɗiga mata ruwan kogin Ganga a baki tare da ganyen tulsi, wani tsiro da suke girmamawa, a ɗauka a kafaɗa zuwa wurin ƙonawa. Babban ɗa namiji ne ke kunna wutar. Bayan nan a kwashe toka da guntayen ƙashi a kai kogi, masu hali su kai Haridwar ko Baranasi ko Prayagraj, sannan a yi zaman makoki, a wurare da yawa kwana 13. Ba kowa ake ƙonawa ba ma: jarirai da manyan masu gudun duniya binne su ake yi, haka 'yan ɗarikar Lingayat a jihar Karnataka. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun saba ganin tulin itace da mutane sanye da farare, sai muka ɗauka rashin ganin darajar mamaci ne. Su a wurinsu ƙonawar ita ce haƙƙi na ƙarshe da ɗa zai sauke wa ubansa, kuma ba sa wasa da lokacinta.

A kan bayar da sassan jiki kuwa, babu wani hani a littattafansu. Hasali ma masu wayar da kai a can da addinin suke kafa hujja. Littafin Bhagavad Gita ya kwatanta jiki da tufa, wadda rai ke tuɓewa idan ta tsufa ya sa sabuwa. Suna da labarin wani tsohon mai ibada, Dadhichi, da ya ba da ƙasusuwansa aka ƙera makami da su, har akwai ƙungiyar masu bayar da gawa a Delhi da ke amsa sunansa. Kyauta, wadda suke kira dan, babbar ibada ce a wurinsu. Amma abin da ke littafi daban, abin da tsohuwa ta riƙe a ƙauye daban. Camfin da maƙwabciyarki ta ji yana nan da ransa: wanda ya ba da ido zai dawo makaho a haihuwa ta gaba. Lokacin da nake ƙaro ilimi a wani asibiti a Chennai na ga wata ma'aikaciya tana warware wa dangin wani mamaci wannan da al'adarsu da kanta. Ta tuna musu da curin shinkafar nan, pinda, da suke ajiye wa mamaci kwana goma, wanda a koyarwarsu da shi ake gina masa sabon jiki gaɓa bayan gaɓa. Ta ce tunda sabon jikin daga shinkafa zai fito, me tsohon da za a sa wa wuta gobe zai rage masa? Sun yi shiru na ɗan lokaci, daga baya babban ɗan ya sa hannu.

To yanzu ga ejan ɗinku. Wannan magana tasa na ji ta har ta ishe ni. Kusan babu watan da wani ba zai zauna a gabana ya maimaita ta ba, wani bayan ya sayar da gona, wani bayan an yi masa karo-karo a masallaci.

Ke da kika shekara biyu kina zarya ɗakin wankin ƙoda ba sai na yi miki dogon bayani ba. Gawar da aka shimfiɗe a tsakar gida ana jiran itace ba ta da ƙodar da za a dasa wa kowa. Da zarar zuciya ta tsaya jini ya daina zagawa, cikin mintuna ƙoda ta fara lalacewa. Abin da ake iya ɗauka daga wanda ya mutu a gida shi ne tantanin ido, cikin kamar awa shida, sai fata. A Indiya, ƙodar mamaci kusan duka daga mutum iri ɗaya take fitowa: wanda ya yi hatsarin babur ko jini ya zubar masa a kai, aka kai shi sashen kulawa ta musamman, ƙwaƙwalwarsa ta mutu amma na'ura tana hura masa iska, zuciya tana bugawa. Dokar Indiya ta ce sai likitoci huɗu sun tabbatar da wannan mutuwa, gwaji biyu da tazarar aƙalla awa shida, sannan dangi su yarda. Ko a ƙona mutum, ko a binne shi, ko a jefa shi a teku, babu ruwan wannan da yawan ƙoda. Wanda ya haɗa miki su biyun ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya sani sarai yana son kuɗin gidanki.

Abin da ma ejan bai gaya miki ba shi ne, gaggawar jana'izar tana daga cikin manyan abubuwan da ke kawo cikas. Dangi suna son gawarsu kafin rana ta faɗi, 'yan'uwa sun taso daga ƙauye, an yi magana da malamin da zai jagoranci addu'a. Likita kuma yana roƙon su ƙara jira awanni da yawa. Idan hatsarin hanya ne sai 'yan sanda sun shigo, sai an yi binciken gawa, kuma shekara da shekaru ƙa'idar aiki a can ba a binciken gawa bayan faɗuwar rana. Sai a Nuwambar 2021 ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta ɗage wannan ga asibitocin da ke da kayan aiki. Iyalai nawa ne suka ce a ba su gawarsu kawai saboda takardar da wani jami'i ya ƙi sa wa hannu sai gobe?

Ki duba lissafin da kanki. Indiya tana da mutane sama da biliyan 1.4, kusan kashi 80 cikin 100 'yan Hindu. Sai a 2023 ne a karon farko adadin mamatan da aka ɗauki sassan jikinsu a shekara guda ya haura 1,000. Wato ƙasa da mutum ɗaya a cikin kowane miliyan. Sifen, inda ba Hindu ba ne, tana wuce 40 a cikin miliyan. A 2023 ɗin an yi dashe sama da 18,000 a Indiya, mafi yawansu daga rayayyu ne, uwa ta ba ɗa, mata ta ba miji. Da a ce ƙoda tana zube kamar yadda ejan ya faɗa, da jihar Tamil Nadu ba ta kai ga abin da ta yi ba. A Satumbar 2008 wani yaro ɗan shekara 15, Hithendran, ya yi hatsarin babur, iyayensa likitoci suka ba da sassan jikinsa, labarin ya girgiza jihar har mutane suka fara bayarwa. A Satumbar 2023 babban ministan jihar, M.K. Stalin, ya sanar cewa duk mamacin da aka ba da sassan jikinsa gwamnati za ta karrama jana'izarsa. Ba a yi wa abin da ya yi yawa a kasuwa irin wannan lallashi.

Kuma 'yar ƙodar da aka samu, layi gare ta. Ƙa'idojin dashe na Indiya na 2014 sun jera shi: 'yan jihar da farko, sai 'yan shiyya, sai sauran ƙasa, sai masu asalin Indiya da ke waje, baƙo a can ƙarshe. Indiyawa dubun dubata ne ke jira. Maigidanki da bizar jinya ta 'yan watanni ba zai taɓa isa gaban wannan layi ba.

Saura ki tambayi kanki, ƙodar da ejan ya yi alkawari daga ina za ta fito? Daga cikin wani talaka mai rai da bashi ya ci, wanda za a ƙirƙira masa takardu a ce ɗan'uwanku ne. Dokar dashe ta Indiya ta 1994 ta haramta cinikin sassan jiki, gyaran 2011 ya ƙara mata kaifi: ɗaurin shekara 5 zuwa 10, da tarar rupi miliyan 2 zuwa 10, kuma hukuncin yana hawa kan mai biya kamar yadda yake hawa kan mai karɓa. Ba'indiye ba zai ba baƙo ƙoda ba sai idan dangi ne na kusa. A 2008 an bankaɗo wani gungu a Gurgaon, kusa da Delhi, da ya yi ɗaruruwan dashe ta haramtacciyar hanya, jagoransu Amit Kumar ya gudu aka kamo shi a Nepal. Mu ma a nan dokar lafiya ta 2014 ta hana, kuma kin ga yadda ta ƙare wa Sanata Ike Ekweremadu a Landan a 2023, ɗaurin shekara 9 da wata 8. Majalisar Fiƙihu ta Duniya a Jidda tun 1988 ta halatta dashe da sharuɗɗa, ta haramta saye da sayarwa. Ta ko'ina aka bi, a rufe take.

Ni abin da ya fi damuna ma ba kurkukun ba ne. Waɗanda suka bi ta bayan gida suna dawo mana babu takardar aiki, ba mu san gwajin da aka yi wa mai bayarwa ba, ba mu san ko jininsu ya dace ba. Wani ya zo da ciwon hanta, wani da ƙwayar cuta mai taurin kai a wurin ɗinki, wani jikinsa ya ƙi ƙodar cikin makonni ya koma kan na'ura, ga shi babu gida. Ejan kuwa lambarsa ta daina shiga.

Idan Indiya za ku je, da mai bayarwa za ku tafi daga nan: uwa, uba, ɗa, 'ya, ɗan'uwa ko 'yar'uwa na jini, mata ko miji, kaka ko jika. Ofishin jakadancin Najeriya a Delhi zai ba da shaidar dangantaka, asibiti zai yi gwajin ƙwayoyin halitta, sannan ku zauna gaban kwamitin ba da izini ya yi muku tambayoyi. Takardun suna da cin rai, na sani, amma su ne ke tsakaninku da mahauta. Kuma ba dole sai Indiya ba: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002. Duk inda aka yi, ku ware kuɗin magungunan bayan dashe, irin su tacrolimus, don shansu har ƙarshen rayuwa ne, kuma a nan ne iyalai da dama ke durƙushewa.

Wa'adin mako uku ki bar shi ya wuce. Makon nan ki roƙi babban wansa ko kawunsa ya tara 'yan'uwa a yi maganar a fili, wanda ya ji a ransa zai iya ya zo asibiti a fara da gwajin rukunin jini, babu tilas a kan kowa. Ke ma doka ta ba ki dama a gwada ki idan kina so. Kafin nan kada maigida ya sake tsallake ranar wanki.