Amsar Gwaggo kan karantar da yara a gida

Ɗiyata, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Saƙonki ya iso. Kin ce kun yanke shawarar cire yaran nan biyu daga makaranta ki riƙa karantar da su da kanki, saboda aikin soja ba ya barin maigidanki ya daɗe wuri ɗaya: daga Zuru aka kai ku Maiduguri, yanzu ga ku a Gusau, kuma duk canjin wuri sai yaro ya koma baya. Kin kuma ce Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, ba a san mu da ita ba. Shi ne kike tambayata ko da gaske al'adarmu ta hana.

Ba ta hana ba. Karatu a gida ya riga boko zuwa ƙasar nan nesa ba kusa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a wurin mahaifinsa ya fara karatun Alƙur'ani. Ƙaninsa Malam Abdullahi, wanda hubbarensa ke nan Gwandu kusa da mu, shi ma a gaban mahaifin nasu ya fara, sannan ya ci gaba a hannun yayansa. Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, a gidan ubanta ta yi ilimin da ta yi, ta zo ta kafa 'Yan Taru. Jajojinta, wato matan da ta naɗa su jagoranci karantar da mata, sukan tako daga ƙauyuka su ɗauki karatu, ta ɗora musu malfa, su koma su bi mata har cikin ɗakunansu da waƙoƙin sanin addini. Duk wanda ya ce uwa ba ta karantar da ɗanta a ƙasar nan, bai waiwayi baya ba.

Amma kada ki yi saurin cewa Hajiya ba ta da gaskiya, don na san abin da ke ranta. Karatun gida da muka tashi muka tarar ba na uwa ɗaya da 'ya'yanta a bayan rufaffiyar ƙofa ba ne. A zauren kakanki, da asuba ake hura wutar kara, yaran unguwa su zagaye ta kowa da allonsa a cinya. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, babba yana biya wa ƙarami kafin malam ya waiwayo kansa. Idan yaro ya iya, a ce ya je ya wanke, ya shanya allon a jikin bango, ya dawo a rubuta masa na gaba. Ranar Laraba a kai wa malam ɗan abin da ya samu, Alhamis da Juma'a a huta. A nan yaro ke koyon jiran layi, da durƙusa wa na gaba, da haƙuri idan an ture shi, da raba ƙosai da wanda bai zo da komai ba. Shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne. Abin da Hajiya ke tsoro shi ne jikokinta su tashi ba su san kowa ba sai ke, kuma ni ma ina tsoron haka.

Na daɗe ina koyarwa a aji ɗaya kafin in aje aiki. Na ga yaran da aka tsare a gida, sun zo sun iya karatu fiye da sa'anninsu, amma da an tashi tara sai su maƙale a bakin ƙofa, ba su san yadda ake cewa "a sa da ni" ba. Wannan ya fi rashin iya baƙi wuyar gyara.

Ban raina dalilinki ba. Bayan canje-canjen wuri, na san akwai abin da ba ki rubuta ba. Tun da aka kwashe 'yan matan Jangebe a 2021, aka biyo da ɗaliban Birnin Yauri duk a shekara ɗaya, babu uwar da ke sallamar ɗanta da safe hankalinta kwance, balle ke da mijinki ke cikin daji wata da watanni. Allah ya tsare shi, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Sai dai ki bincika zuciyarki. Idan tsoro ne kaɗai, makarantar cikin bariki ta fi wurare da yawa tsaro. Idan kuwa karatun ne kike son ya ɗore duk inda aka tura ku, to ina bayanki.

In za ki yi, ki yi shi yadda iyayenmu suka yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bariki cike yake da mata masu irin damuwarki, wasu har da takardar koyarwa a akwati. Ki nemi biyu ko uku ku haɗa yaranku, yau a ƙofar wannan, gobe a ta waccan. Barikin soja ya tara kowace ƙabila, kada ki ware yaranki daga 'ya'yan maƙwabta don yare ko addini ya bambanta, tunda iyayensu maza tare suke kwana a rami ɗaya. Islamiyya kuma ba a taɓa ta, da la'asar su ɗauki allo su tafi wurin malam kamar kowa. Ke kuma ki tsayar da lokaci, ko da awa biyu ne da hantsi, ki kashe waya, ki sauke tukunya. Ƙaramar, mai shekara huɗu, ba ta buƙatar fiye da tatsuniya, waƙa, da ƙirga tsakuwa. Babban ne mai shekara shida zai so tsari.

Akwai kuma hukuma. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kuma a wuyan iyaye ta rataya alhakin. Don haka ki je wurin shugaban makarantar barikinku, ki gaya masa niyyarki, ki roƙi manhaja da sunayen littattafan ajin, ki nemi a bar sunan yaron a rajista ya riƙa zuwa jarrabawar ƙarshen zango. Ki adana sakamakonsa da littattafan aikinsa wuri ɗaya, domin ranar da zai nemi shiga sakandare takarda za a tambaya.

Maganar Hajiya kuwa, ba ke za ki kai mata ba, kuma ba a waya ba. Ki bari maigidanki ya samu hutu ku je tare, shi ya yi bayani, ke ki yi shiru. Ku nemi shawararta kan malamin da zai riƙe musu allo, ku kuma yi mata alkawarin kawo su wurinta duk hutun Sallah su zauna cikin 'yan'uwansu. Ina da sauran littattafan aji ɗaya da na biyu a ajiye, zan ba direban motar Gusau ya kawo miki ranar kasuwa. Ki gaida maigidan idan ya kira, ki shafa mini kan yaran.

Gwaggonki, daga Birnin Kebbi.