Littafin da ya koma batsa a kashi na biyu, a ci gaba da biya?

'Yar'uwa, kin ce littafin soyayyar da kike bi ya fara da labari mai ma'ana, amma da aka shiga kashi na biyu sai ya koma zancen shimfiɗa zalla, kina tambaya ko ki biya kuɗin na uku. Kada ki biya. In labari ya kwanta a na biyu, da wuya ya sake tashi a na uku.

Dalili kuwa, na daɗe a zaurukan karatu na WhatsApp da Wattpad (manhajar karanta littattafai a waya), kuma abin da nake gani shi ne marubuciya tana sakin shafi ne tana duba sharhi. Masu cewa "Anti a ƙara wuta" su ne masu yawan magana, masu son labari kuma su karanta su yi shiru, sai ta ɗauka abin da kowa ke so ke nan. Zamanin da ake buga littafi a kai kasuwa a Kano akwai tsoron Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i da aka kafa a 2001, har ma an ƙona littattafai a 2007. Na waya kuwa babu mai tace shi sai mai biya. Sharaɗi ɗaya kawai: in marubuciyar ta riga ta gama rubuta littafin, tambayi wadda ta karanta har ƙarshe ko an warware rikicin da aka ƙulla a farko. In ta ce an warware, to ki biya.